Farcen Soimin

Singafo, 14 ga Yuli

Ƙanwata Jumilin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da kakarmu Odu kuna lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Ni dai na iso lafiya, sai ciwon bayan nan da ya ƙi rabuwa da ni, don ina dawowa gidan kula da tsofaffin nan aka ƙara min mutum biyu. Yanzu goma sha ɗaya nake yi wa wanka kullum safe. Akwai wani tsoho a cikinsu da yake kirana da sunan 'yarsa, ni kuma ina amsawa, to me zan ce masa?

Yau kwana goma sha shida da Soimin ya faɗo daga Dutsen Nabalu, kuma har yanzu in na ɗauko abin yanke farce a wurin aiki sai in tuna da hannunsa. Kina wurin, kin ga komai, amma ki bar ni in faɗa, don nan ba ni da wanda zan faɗa wa. Da aka kawo shi daga asibiti ni na shiga na gyara shi, don aikina ne, kuma ƙanena ne. Na goge masa fuska, na sa masa farar rigarsa ta coci, na haɗa masa hannuwa a ƙirji. Sai Odu ta shigo ta ɗaga hannunsa tana dubawa, ta duba ɗayan, ta sa aka cire masa safa. Ta ce, "Wa ya yanke masa farce?" Ta juyo ta ce da ni, "Ke ce. Kin je ƙasar mutane kina yanke wa tsofaffinsu farce, shi ne kika zo kika kwashe na ɗan'uwanki. To da me zai hau?"

Na rantse mata ba ni ba ce, na ce ƙila a asibiti ne. Ko kallona ba ta sake yi ba. Kakar da ta goya ni, ta goya Soimin bayan iyayenmu sun rasu, ranar da zan taho na durƙusa a gabanta sai ta juya fuskarta bango.

Ni fa har na manta da zancen nan, wai matattunmu Nabalu suke hawa su huta a can sama, wai falalen dutsen santsi gare shi, sai mai farce ke iya kamawa. Fada, limamin cocinmu, ya yi wa'azi a kai har ya gaji. Odu ba ta fashin coci, amma ki taɓa mata Dutse ki gani.

Abu ɗaya nake so in gode miki a kai. Ranar nan kowa ya sa baki, balle Goggo Sinim da bakinta ba ya hutu, amma ke ba ki ce uffan ba. Kina tsaye bakin ƙofa kanki a ƙasa. Ke ce matarsa, kin fi kowa ikon magana, da kin zarge ni da kin faɗa. Shirun nan naki da shi na shiga jirgi.

Ki rubuto min ko Odu tana cin abinci. Ki ce ina gaishe ta, ko ba za ta amsa ba.

Yayarki,
Rusinah

Kundasang, 2 ga Agusta

Yaya Rusinah,

Wasiƙarki ta zo. Muna lafiya. Allah ya sawwaƙe ciwon bayan. An yi ruwa sosai, kabejin gangare rabi ya ruɓe, na sama ya yi kyau.

Na koma dako. Ranar Litinin tukunyar gas na kai masaukin baƙi na kan Dutse, Laraba shinkafa da ƙwai, Juma'a jakar wani Bature da ta kusa fin shi nauyi. Ina ɗauka, in hau, in sauke, in dawo. Mutane suna min gaisuwa a hanya, ina cewa na gode. Suna leƙen idona suna jiran kuka. Ban yi ba tukuna. Ba ƙarfin hali ba ne, babu shi ne kawai. Ko yunwa ba na ji, sai dai in ga rana ta yi in ci.

Na isar wa Odu da gaisuwarki. Ta ce in rufe taga, iska na shigowa.

Ta daina yanke farcenta. Ban lura ba sai da na ga ɗaurin zani yana ba ta wuya. Na kawo reza, ta ɓoye hannu. Ta ce, "Na mutum biyu nake tarawa. Yaron nan ba shi da abin kamawa. In na je sai in goya shi, ai ba yau na fara ba." Na ce Odu ki bar wannan magana. Ta ce, "Ke je ki duba tukunyarki." Shinkafa cokali uku take ci, wata rana biyu. Ko tuhau, cittar dajin nan da take so, na yanka mata da lemun tsami, ba ta taɓa ba. Ta ce wa Goggo Sinim a haɗa addu'ar kwana ɗarin Soimin da jana'izarta, kada a tara mutane sau biyu. Goggo ta yi dariya, ita ba ta yi ba. Kwana ɗarin shida ga Oktoba ne.

Takardar tseren Dutse na bana ta zo. Tun kafin abin ya faru muka ba da sunayenmu, ba wanda ya tuna ya cire nasa. Lamba biyu suka aiko, tasa da tawa. Suna ƙarƙashin katifa.

Ban ƙara wuce masauki ba sai jiya. Da na sauke kaya na taka zuwa inda itatuwa suke ƙarewa, inda farar igiyar da masu hawa suke kamawa take farawa a kan falale. Daga nan ana hango doron da ya zame. Na tsaya ina kallo. Ban san daɗewar da na yi ba, sai da gajimare ya rufe na sauko.

Maganar godiya da kika yi, ki bar ta.

Jumilin

Singafo, 16 ga Agusta

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Odu. Bayana da sauƙi, amma ba shi ne a gabana ba. A tsaye na karanta wasiƙarki a ɗakin wanki, sai da na nemi bokiti na zauna. Cokali uku! Haba Jumilin, kuma sai da kika gama ba ni labarin kabeji? Na je wurin shugabar gidan nan na nemi hutu, ta ce na cinye nawa a jana'iza, sai Disamba. Na yi mata kuka, ta miƙo min abin share hawaye, iyakar abin da ta ba ni ke nan.

Ki ji. Tsoho ba ya cin abinci in an tsaya masa a ka. Ki dama mata kunun shinkafa ki fasa ƙwai, ki ajiye kusa da ita, ki zauna ki ci naki kamar babu ruwanki. Ki kira Fada ya zo. In duk bai yi ba, ki ce mata na amsa laifi. Ki ce ni na yanke, na tuba, ta yi min duk abin da za ta yi in na dawo. Ban yanke ba, Allah shaida ne, amma in ƙarya za ta sa ta buɗe baki to na yi ta.

Sai kuma ke. Me kika je yi bakin igiya? Sau biyar na karanta wurin nan, ba na son sa. Mace ta ce ba ta jin yunwa, ba ta jin kuka, sannan ta je ta tsaya tana kallon inda mijinta ya faɗi har gajimare ya rufe ta. In wani abu kike saƙawa a ranki, ki tofar da shi. Mutum ɗaya Dutsen nan ya karɓa a gidanmu, ya isa haka. Lambobin nan ki jefa su a murhu.

Na san halinku, ke da shi, taurin kai kamar a kasuwa ɗaya kuka sayo. Kin tuna shekarar da kika riga shi kaiwa ƙoli a wajen gwaji? Kwana biyu yana kumbure-kumbure, Odu tana masa tsiya wai matarsa ta sha gabansa da takalmin roba. Rana ta uku ya koma shi kaɗai don kawai ya rage minti huɗu. Ga inda minti huɗun ya kai mu. Ina roƙonki, ki zauna a ƙasa.

Yayarki,
Rusinah

Singafo, 10 ga Satumba

Jumilin,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu, har mai gadi ya fara min ba'a wai saurayi ya yaudare ni. Na buga waya kantin Ah Fook, ya ce yana ganinki da safe kina gudu a hanyar gonaki. Gudun me? Odu tana da rai? Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Rusinah

Kundasang, 15 ga Satumba

Yaya Rusinah,

Ina gaishe ki. Odu tana da rai. Ta daina zuwa coci, ƙafarta ba ta ɗaukarta. Kunun na yi yadda kika ce, takan kurɓa sau biyu. Fada ya zo, ta ba shi kujera, ta saurare shi, da ya tafi ta ce yaron kirki ne.

Ban faɗa mata kin amsa laifi ba. Ni ce na yanke.

Duk ranar da zai hau da gudu ni nake yanke masa. A saukowa yatsu suna dukan bakin takalmi, in da farce sai ya yi baƙi ya cire. Na hannu kuma tun shekarar da ya dafa dutse farcen babban yatsansa ya ɗaye har tushe. Ranar nan da safe yana zaune a kan matakala yana shan kofi, ni ina ƙasa da reza. Na ɗan shiga nama, ya ce, "A hankali mana, mahauciya." Na ce in bai so ya yi da kansa. Na tattara su a kwalin ashana don kada kaji su tsattsage, da nufin in binne da yamma. Da azahar aka zo aka faɗa min ya faɗo. Kwalin yana aljihun rigar sanyina har yau.

Da Odu ta yi tambaya bakina ne bai buɗe ba. Da ta juya kanki, na ga ta juya, na bar ta. Daga baya na yi tunanin in na faɗa za ta ce in koma garinmu, ga shi rigarsa a bayan ƙofar nan take rataye. Na san wannan ba hujja ba ce. Sai ga wasiƙarki kina gode min. Sai ga wata kina cewa za ki ɗauka. Sau uku ina fara amsa ina yagawa.

Zan kai masa su. Sau biyu na gwada da tafiya, ina zuwa bakin igiya ƙafata take tsayawa. Mai tafiya yana da lokacin kallo. A tsere akwai mai huci a bayanki, kuma akwai agogo, in ba ki kai ƙoli cikin awa uku da rabi ba za a juyo da ke. Da gudu kaɗai zan iya wuce wurin nan. Tseren mata ranar Asabar ne, biyar ga Oktoba, ana gobe addu'a.

Ba zan faɗa wa Odu ba sai na ajiye. In ta san da kwalin yanzu, karɓewa za ta yi ta ce ita za ta kai.

Abin da kike tsoro ba shi ba ne. Ba mutuwa nake nema ba, Yaya. Ko ita ba na sha'awa.

Jumilin

Singafo, 27 ga Satumba

Jumilin,

Gaisuwa dai an ce dole ce, to na gaishe ki.

Wata uku! Wata uku ina kwana ina tashi da fuskar Odu a bango, ke kuma kina yawo da kwalin ashana a aljihu. Har na zauna na rubuta miki godiya, ni Rusinah, da hannuna! Na ce shirunki na riƙo a jirgi. Kai, amma an yi wawiya a nan. Jiya ina yanke wa wata tsohuwa farce sai na tsaya da abin yanka a hannu, har ta ce in je in sha ruwa. Da a ranar kika ce ke ce, da ni zan fara tare miki, don kowa ya san abin da ya sa ake yanke wa mai gudu farce. Ba yankan ne ya ƙona min rai ba, tsayuwar nan ce da kika yi a bakin ƙofa. Ban yafe ba. Ban ce ba zan yafe ba, amma yau dai ban yafe ba.

Yanzu ki buɗe kunnenki, don na ga shirme kike shirin yi. Ku a gidanku ba a ba ku labaran nan ba, mu da su aka yaye mu. Soimin ba a ƙoli yake ba! Wanda ya kai ƙoli me zai yi da farce? Odu ta sha faɗa mana, a gindin falale suke taruwa, inda itatuwa suke ƙarewa, a nan wanda ya kasa hawa yake jira. Bakin igiyar nan da ƙafarki take tsayawa, nan ne wurin. Sau nawa kika je kika tsaya da kwalin a aljihu? Ki nemi tsaga a dutsen ki cusa shi, ki juyo gida. Ba sai kin yi tsere ba, ba sai kin taka doron nan ba.

Ni ban ma san ko na yarda da zancen ba, amma Odu ta yarda, kuma ita muke so ta ci abinci. Allah ya sa takardar nan ta riga Asabar isowa. In kika faɗo, na rantse ba zan zo ba.

Rusinah

Kundasang, 10 ga Oktoba

Yaya Rusinah,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, sai gwiwa da ta kumbura da farcen ƙafa biyu da suka cire, don tun Yuni ban yanke nawa ba. Wasiƙarki ranar Talata ta zo, kwana uku bayan tsere.

Ƙarfe bakwai aka sake mu daga ƙofar Dutse. Mu wajen arba'in ne, da Turawa da 'yan Japan da takalmansu marasa nauyi, ni da na roba. Matakalar cikin daji na san ta ɗaya bayan ɗaya, ba kaya a bayana sai na ji kamar na manta wani abu. A rumfa ta huɗu 'yan dako suna hutawa, ɗaya daga cikinsu, Dualis, ya ɗaga murya ya ce, "Jumilin, yau ina tukunyar gas ɗin?" Na ɗaga masa hannu. Na wuce masauki awa biyu ba ta cika ba.

A bakin igiya ƙafata ta so ta yi halinta. Wata doguwar Baturiya tana bayana tana huci, ta ce wani abu da yarensu, na gane wai in matsa ko in wuce. Sai na kama igiya. Ita kaɗai na kalla, fara ce, ta yi baƙi-baƙi inda hannuwa suke kamawa. Dama da hagu ba komai sai iska. Kaina yana sarawa, yatsuna sun daskare. Ban ga inda ya zame ba. Sai da na ga manyan duwatsun ƙarshe na san na wuce shi.

A ƙoli akwai mai rubuta lamba, ya naɗe cikin bargo. Ya rubuta tawa ya ce, "Juya, juya!" Na durƙusa na cusa kwalin a wata tsaga, na danne da dutse. Ya zaci jiri ne, ya miƙo min ruwa. Mata uku suka wuce ni a wurin. Na jira in ji wani abu, ban ji ba, sai sanyi. A saukowa na faɗi sau biyu a cikin daji. Ta goma sha ɗaya na zo.

Da na dawo Odu tana kwance. Na zauna a ƙasa na faɗa mata duka, da reza, da kwali, da yadda na bar ki kika ɗauka. Sannan ta ce, "Ina suke?" Na ce na kai masa. Ta ce, "Ina?" Na ce ƙoli.

Sai da ta tashi zaune. Ta ce, "Ƙoli? Mutum yana ƙasa kin ɗora masa tsani a kan rufi? Wace irin wawiya yaron nan ya auro min?" Na ce mu 'yan dako in an ba mu kaya ƙarshen hanya muke kaiwa. Ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa ta.

Sai na ji wani sauti, na zaci tari ne har na tashi ɗebo ruwa. Ashe dariya take. Ta ce, "Tsaya. Wato kin wuce shi a hanya?" Na ce haka ne. "Da gudu? Yana tsaye yana kallo, matarsa ta wuce da farcensa a aljihu, ta riga shi kaiwa?" Na ce haka ne, Odu. Ta ce, "To ai magana ta ƙare. Soimin ne fa. Ko da haƙori sai ya hau." Ta yi ta dariya har hawaye ya zo, daga nan kuma ba dariya ba ce. Na riƙe ta. Da ta nutsu ta ce akwai sauran kunu?

Ranar Lahadi aka yi addu'a. Ta zauna a kujera har aka tashi, ta ci rabin ƙunshin shinkafa, ta yi wa Goggo Sinim faɗa a kan gishiri. Ni kuwa tun daga ranar ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba. Tana dai aikena.

Wasiƙarki na karanta sau biyu. Duk abin da kika faɗa haka ne. Ba na roƙon ki yafe yanzu. Har yau ban yi kuka ba, amma jiya wajen ƙarfe goma na ji yunwa.

Yau da safe na kawo reza na ce Odu kawo hannun, tunda tafiya ta fasu. Ta ɓoye shi a zani. Na ce to me kuma? Ta ce, "Ke har nama kike shiga. Rubuta wa Rusinah ta zo, ita ta iya." Na ce sai Disamba fa. Ta ce ta ji, za ta jira.

Sun yi tsawo sosai, Yaya, har sun fara lanƙwasa. Ki taho da abin yankanki.

Ƙanwarki,
Jumilin